Inbata mai bin layi, mai batir, ko ta famfo: wacce ta dace da sagiya a Kassala?

Wajen ƙarfe 11 na safe ne, cikin watan Afrilu, rana ta buɗe sosai har dutsen Taka na wani hayaƙi-hayaƙi daga nesa. Kwana uku ke nan da ɗaura mana farantan sola 14 a gefen rijiya, sababbi fil, ko ƙura ba su gama ɗauka ba. Ruwa na kwarara daga bakin bututu yana bin lambatu zuwa gindin ayaba. Sai kahraba ta ɗauke, kamar yadda ta saba. Famfo ya yi ɗan gurnani ya mutu. Baffana ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi farantan, ya dubi akwatin da ke manne a bangon ɗakin rijiya yana ƙifta jar fitila, sannan ya juyo kaina.

"Kai ɗan nan, ita ma ranar kamfani ne ya ɗauke ta?"

Na rasa ta cewa, don ni na kai shi shagon, ni kuma na ce a saya. Mai shagon ya tambaye mu ko akwai kahraba a sagiyarmu, muka ce akwai, ya ce to ga wadda ta dace da ku, ba ta son batir, ga sauƙin kuɗi. Bai yi mana ƙarya ba. Abin da bai tambaya ba, mu ma ba mu san ya kamata a tambaya ba, shi ne awa nawa kahrabar take zama a yini.

Don amfanin 'yan'uwa da ke karantawa daga Kano ko Damagaram: kahraba ita ce wutar lantarki, abin da ku kuke ce wa Nepa ko kura. Sagiya kuwa asalinta keken ɗiban ruwa ne da shanu ke juyawa, amma yau a Kassala in an ce sagiya, lambu ake nufi mai rijiyarsa, ana noma ayaba, albasa, lemo, mangwaro da gwaiba. Sawagi (jam'in sagiya ke nan) na arewa da na kudu duk a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa suke rayuwa, wanda kogin Gash ke zubawa cikin 'yan watannin da yake gudu, daga wajen Yuli zuwa Satumba. Sauran shekara kogin yashi ne tsura. Wanda famfonsa ya tsaya kwana biyar cikin bazara, ayabarsa za ta gaya masa.

Akwatuna iri uku ake sayarwa a kasuwa, duk kuma inbata ake ce musu, shi ya sa ake ruɗewa. Bari in fara da wadda muka saya, wato mai bin layi, wadda masu shago ke ce wa on-girid.

Farantin sola wuta yake bayarwa mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir. Wutar layi kuwa kai-da-komo take yi, a Sudan sau 50 cikin sakan ɗaya, da ƙarfin bolt 230 zuwa 240 a layi ɗaya, ko wajen 400 zuwa 415 tsakanin layuka uku. Aikin kowace inbata shi ne ta mayar da ta farko ta zama ta biyu. Amma mai bin layi ba ta ƙirƙirar bugun da kanta. Duk wanda ya ga mata biyu na lugude a turmi ɗaya ya ga yadda take aiki: uwar daka ce ke riƙe da bugu, ta biyun sauraro take, ta sa taɓaryarta daidai lokacin da ya dace. Layin kamfani shi ne uwar daka. Inbata na auna bugunsa da ƙarfinsa a kowane lokaci, ta daidaita nata, ta ɗan ɗara shi ƙarfi kaɗan don wutarta ta samu shiga. Daga nan wutar rana da ta kamfani sun zama ɗaya a cikin waya. Babu wani makunni da ke zaɓa wa famfo wacce zai sha. Abin da ke kusa yake fara ɗauka, layi ya cike giɓin.

Ga yadda abin ke kasancewa a wurinmu. Famfonmu na cikin rijiya doki bakwai da rabi ne, wato kilowat 5.5 a rubuce, amma abin da yake ja daga waya ya kusa kilowat 7, tunda injin kansa yana cin wani abu. Farantai 14 masu wat 550 sun ba da kilowat 7.7 a takarda. A takarda na ce, don an auna su ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da faranti ya ƙara a kan haka yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari. Da tsakar ranar Kassala, in ka taɓa gilashin sai ka janye hannu, zafinsa kan wuce 60. Ka haɗa da ƙura da asarar waya, abin da ke fitowa bai wuce kilowat 6 ba. To da azahar rana ta ba da 6, kamfani ya cika 1. Da hantsi rana ta ba da 3 ko 4, kamfani ya cika saura. Gajimare ya gifta, famfo bai ma sani ba, mita ce kawai ta ƙara gudu. In za a tayar da famfo, lokacin da yake fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba ci, layi ne ke ɗaukar wannan nauyin, inbata ba ruwanta. Gaskiya, matuƙar akwai kahraba, babu tsarin da ya kai wannan daɗin aiki. Ba batir, ba abin da za ka kunna ko ka kashe, kuma inbatar kirki ba ta ɓarar da fiye da kashi 2 ko 3 cikin ɗari na abin da farantai suka ba ta.

To me ya sa ta mutu ranar da Baffa ya yi tambayarsa? Da gangan aka gina ta haka. Ƙa'idar duniya ta irin waɗannan na'urori ta ce in layi ya mutu, inbata ta cire kanta cikin sakan biyu. Dalilin farko ran mutum ne. In ma'aikaci ya kashe layi ya hau fal-waya yana gyara, ya tabbata babu wuta, sai ga sagiyar wani tana turo wuta ta baya, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ai an gama da shi. Na biyu, uwar daka ta tsaya, ta biyun ba ta da bugun da za ta bi. Kuma ko kahraba ta dawo, inbata ba ta shiga nan take. Takan tsaya minti ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yadda aka saita ta, tana tabbatar da layi ya natsu.

Wannan natsuwar ita ce matsala ta biyu, kuma ba kowa ke faɗa maka ba. Ba ɗaukewar wuta kaɗai ke korar inbata ba. Tana da iyaka sama da ƙasa, yawanci kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane gefe, a ce daga bolt 207 zuwa 253 in layin 230 ne. Mu muna can ƙarshen layi. Da zarar wuta ta dawo, kowace sagiya ta kunna famfo lokaci guda, sai ƙarfin ya zube, ka ga fitilar ɗakin rijiya ta yi ja kamar garwashi. Famfo zai yi ta fama yana zafi, amma inbata sai ta ƙi shiga, ga rana ga komai. Haka in layi ɗaya cikin ukun ya faɗi, abin da ba baƙo ba ne a wajen gari. Akwai masu gyara da za su ce bari su buɗe mata iyakar ta karɓi kowace irin wuta. Ɗan faɗaɗawa cikin abin da masu ƙera ta suka yarda ba laifi ba ne, amma wanda ya ce zai cire mata tsaron gaba ɗaya, ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama.

Sai batun rarar wuta, inda muka yi asara ta biyu. Ran Juma'a mukan kashe famfo kafin azahar mu tafi masallaci. Rana ba ta san Juma'a ba, farantai na ta aiki, wutar kuma tilas ta nemi wurin zuwa, sai ta bi ta mita ta koma layi. Mitarmu ta kati ce, wadda mutanen Sudan suka laƙa wa suna jamra, garwashin nan mai cin aljihu. Na dawo na tarar kuɗin da na zuba mata sun ragu, alhali ko fanka ba a kunna ba. Da yawa daga mitocin kati ba sa bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita. Wasu su lissafa maka ita kamar ka sha, wasu su ɗauka ana yi musu maguɗi su yanke layin. Wato mun ba kamfani kyautar wuta, mun kuma biya kuɗinta. Maganin abin shi ne wani zobe da ake maƙala wa wayar shigowa kusa da mita, yana gaya wa inbata yawan wutar da gona ke sha, ita kuma ta rage aikinta daidai da haka, kada ko ɗigo ya fita. Yana aiki, amma ka lura da ma'anarsa: duk lokacin da famfo ba ya aiki, farantan da ka kashe wa kuɗi zaman banza suke.

Baffa ya kawo wata dabara, wadda na ji manoma da yawa sun kawo irinta. Tunda inbatar uwar daka take nema, a tayar da janareto ya zama uwar daka mana. A ilimance yana yiwuwa, kuma manyan gonaki na yi. Sai dai janareto ba layi ba ne, ba shi da inda zai kai rara. In rana ta ba da fiye da abin da famfo ke sha, wutar kansa za ta koma, ta rikita shi ko ta ƙona shi. Injin dizal kuma ba ya son aiki da ƙaramin nauyi, ana so ya riƙa ɗaukar kamar kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ko fiye. Don haka sai an sa na'ura ta musamman mai sasanta su biyun, kuma jazulin ɗin da ake gudu, wato man dizal, ana nan ana ƙona shi. A sagiya mai faddan (kusan eka ke nan) biyar ko goma, wahalar ta fi ribar.

Kada a ce na tsani mai bin layi. Ɗan'uwana da ke aiki a gonar dabino a wajen Buraida, can Ƙasim ta Saudiyya, da na ba shi labari dariya ya yi, don su irinta suke da ita kuma ba su taɓa jin kansu ba. Can wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Tun 2017 hukumar da ke kula da lantarki ta fitar da ƙa'idar haɗa ƙananan tashoshin sola da layi, har zuwa megawat 2, ana neman izini, a zo a duba, a sa mita mai lissafin shiga da fita. Duk da haka abin da ake biyanka kan rarar da ka tura bai kai farashin da kake saye ba, don haka ko a can mai hankali yakan auna farantansa daidai da abin da gonar ke sha da rana: famfuna, ɗakin sanyaya dabino, gidajen ma'aikata. Su matsalarsu takardar kuɗin wuta ce a ƙarshen wata, kuma mai bin layi maganin wannan ce.

Mu tamu daban ce. Wutar Sudan ta dogara sosai ga madatsun ruwa: Marawi mai megawat 1,250 da aka buɗe a 2009, Rusairis a kan Shuɗin Nilu, da ta Atbara da Sitit nan kusa da mu. Tun kafin yaƙi, bazara lokacin rabon wuta ne, ruwa ya ja baya, zafi ya sa kowa ya kunna abin sanyi. Daga Afrilun 2023 kuwa, da yaƙin ya ɓarke, abin ya wuce rabo. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙa suka bugi Marawi, suka kuma bugi tashar wuta ta Shuwak, Gadarif da Kassala da Sinnar suka shiga duhu. A irin wannan hali, na'urar da ke aiki sai in akwai kahraba tana taimakonka ne a ranar da ba ka cikin matsi, ta bar ka a ranar da kake neman ta.

Tunda na ambaci Saudiyya, ga wani abu ga masu karɓar kaya daga 'yan'uwa ta tashar jiragen ruwa ta Sawakin. Wutar Saudiyya sau 60 take bugawa a sakan, tamu 50. Yawancin inbatoci na karɓar duka biyun, amma sai an shiga an sauya mata saiti, in ba haka ba za ta ga layinmu ta ce ba shi da lafiya. Famfo ya fi wuya. Wanda aka ƙera don 60, in ka ɗora shi a layin 50, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, tsayin da yake iya tura ruwa kuma ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. A rijiya mai zurfi, wannan na iya zama bambanci tsakanin ruwa da babu. A duba farantin ƙarfen da ke jikin injin kafin a biya kuɗin jirgi.

Ta biyu ita ce mai batir, wadda ake ce wa haibirid. Ita tana iya bin layi in akwai, in ya ɗauke ta raba gona da layin, ta zama uwar daka da kanta, batir na riƙe mata ƙugu. A gida babu kamarta: firiji, fanka, cajin waya, fitila. Wanda ke da kaji a sagiya, ko yana ajiye madara ko maganin dabbobi, yana bukatarta. Amma ga famfo, a yi lissafi kawai. Awa huɗu na famfonmu kilowat-awa 28 ne. Batirin ruwa mai amfiya-awa 200, bolt 12, yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, kuma in kana son ya daɗe rabi kawai za ka sha, 1.2 ke nan. Batir 23 ko 24 kake bukata don ban ruwan awa huɗu. Ga zafi, wanda duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yake raba rayuwar irin wannan batir kusan biyu, ɗakin rijiya mai rufin kwano kuwa tanda ne. Na lithiyom ya fi juriya nesa ba kusa ba, yana yin dubban caji, amma masu kilowat-awa 5 sai ka jera shida ko bakwai. Sannan ita inbatar sai ta ninka famfon girma kafin ta iya ɗaukar fizgar tashinsa. Kuɗin da zai shiga nan ya isa a sake haƙa rijiya. Ban ga manomin da zan ba wannan shawara don famfo ba.

Ta uku ita ce ya kamata mu saya tun farko: inbatar famfo. Ba ta san layi ba, ba ta jiran kowa, aikinta ɗaya ne, ta juya injin famfo. Dabararta ita ce tana sauya yawan bugun gwargwadon ƙarfin rana. Da sassafe takan fara juya injin a hankali, bugu 20, 25, ba ruwa tukuna. In ya haura 30 da wani abu, gwargwadon zurfin rijiya, sai ka ji bututu ya fara tari, ruwa ya ɓullo siriri. Kafin hantsi ya yi kauri, da azahar ya kusa cika baki, da la'asar ya fara janyewa. Tunda a hankali take tayar da injin, babu wannan fizgar ta ninki shida, kuma famfo da bututu duk sun fi samun sauƙi. Kusan dukkansu na da tsaron da ke kashe famfo in rijiya ta ƙafe, maimakon ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Ga wanda famfonsa ya zo daga Jidda, ana iya saita ta ta kai 60, in ƙarfin bolt ɗin injin ya yi daidai.

Abin da ya sa ta dace da wanda ke da layi a sagiyarsa shi ne yawancinsu na da baki biyu, ɗaya na farantai, ɗaya na kahraba ko janareto. Amma a nan a buɗe ido, don baki biyun iri biyu ne. Akwai wadda sai ka zaɓi ɗaya, ka kashe na rana ka juya makunni zuwa layi, kamar da daddare. Akwai wadda ke haɗa su lokaci guda, ta sha rana tukuna, layi ya cike saura, kusan yadda mai bin layi ke yi, sai dai wutar ba ta iya komawa baya ta bi ta mita, kuma in kahraba ta ɗauke famfo sai dai ya rage gudu, ba ya tsayawa. Ta biyun ita ce abin nema. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Ka sa mai shago ya nuna maka a littafinta, don in ka haɗa layi da farantai a wadda ba a yi ta don haka ba, kana iya rasa inbatar da farantan tare.

Rashinta a bayyane yake. Famfo kaɗai take yi wa aiki, ba za ka jona mata firiji ko injin niƙa ba. In ban ruwa ya ƙare, ko damina ta sauka, farantai sun zauna. Kuma ba ta ba ka ruwa da dare sai da layi, alhali tsofaffinmu sun fi son ban ruwan dare ko na asuba cikin bazara, don ƙasa ta sha kafin rana ta kwashe. Amsar wannan ba batir ba ce, haud ne, wato tafkin siminti ko na leda mai kauri a wuri mai ɗan tudu. Famfo ya cika shi da rana, ka buɗe shi da asuba. Ruwa ya fi wuta sauƙin ajiya, bulo da siminti kuma ba sa mutuwa bayan shekara biyu.

Wajen haɗa farantai ma akwai abin da ya sa sha huɗun nan tamu ta yi mana rana. Injin layi uku mai bolt 380 zuwa 400 yana son inbatar famfo ta samu wajen bolt 540 ko sama kaɗan daga farantai kafin ta kai shi cikakken gudu. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan bolt 41 in yana aiki, kusan 50 in ba a jona shi da komai ba. Sha huɗu a jere sun ba da kimanin 580 a aiki, 700 a sake, kuma yawancin waɗannan inbatoci iyakarsu 800 ne ko ƙasa kaɗan. Ka rage zuwa goma don tsimi, ƙarfin ba zai kai ba, famfo ya yi ta jan ƙafa yini guda. Ka ƙara zuwa sha takwas a jere ɗaya, wata safiyar hunturu mai sanyi, lokacin da bolt ke hawa, sai ta fasa inbatar. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce farantai su fi abin da aka rubuta a injin da kamar kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Namu 7.7 ne a kan 5.5. In wayar da ke sauka rijiya doguwa ce sosai, a tambayi muhandis, wato injiniya, batun matatar da ake sa wa tsakanin inbata da injin, don irin wutar da take fitarwa na cin rufin waya a doguwar tafiya.

To wa zai sayi wacce? In sagiyarka na kusa da taransifoma, a layin da ba a cika kashewa ba, kuma kana da abin da ke shan wuta kullum da rana ban da famfo, kamar ɗakin sanyi, injin ƙanƙara ko niƙa, mai bin layi da zoben hana fita za ta rage maka abin da jamra ke ci, kuma ita ce mafi ƙarancin hidima. Ka dai je ofishin wuta tukuna ka ji sharaɗinsu, kada ka jona a ɓoye. In abin da ke hana ka barci shi ne ruwa, inbatar famfo mai baki biyu, da haud in hali ya yi. In akwai ɗaki da iyali ko kaji a sagiyar, ka ware musu ƙaramar mai batir da farantai uku ko huɗu nasu daban, kada ka gwama su da famfo. Wanda ba shi da layi sam, yana kan babur (injin dizal na ban ruwa muke nufi a nan, kada mutumin Kano ya zaci na hawa), shi ma inbatar famfo ce tasa. Kafin ka yanke, ka yi abin da mu ba mu yi ba: ka sa yaron da ke kwana a sagiya ya rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi, mako biyu cikin bazara, kuma a auna ƙarfinta da azahar a layukan uku. Wannan takardar ta fi maganar kowane mai shago.

Akwai wani abu da ke damuna game da ta famfon, ko da yake ni na ke yabonta. Da, kuɗin jazulin da na jamra ne ke sa mutum ya kashe famfo. Yanzu rana kyauta ce, sai ka ga an bar shi yana zuba tun safe har yamma, ruwa ya cika fangali ya malale hanya. Ruwan da ke ƙarƙashinmu kuwa abin da Gash ya bari ne, kuma kowa ya san yadda rijiyoyi ke ja da baya a watan Mayu da Yuni. Maƙwabcinmu ya ƙara tsawon bututunsa sau biyu. In duk sawagi suka koma sola aka bar famfuna a sake, zurfafa rijiya zai cinye abin da aka tsimi a wuta.

Kowacce ka ɗauka, wasu abubuwa ba sa sauyawa. Farantai su fuskanci kudu da karkata kusan digiri 15, daidai da inda Kassala take, kuma kada a kwantar da su shimfiɗe ƙura ta samu gado. A nisanta su da inuwar mangwaro, don inuwa a faranti ɗaya tana jan duk jeren baya. Inbata ta zauna a inuwa mai iska, tunda in zafin wurin ya haura 45 takan rage aiki don ta kare kanta. A kafa sandar ƙasa ta gaske a wuri mai laima, a sa abin kare tsawa kafin damina, a sa makunni na musamman a gefen farantai, don bolt 600 na irin wannan wuta in ta kama tartsatsi ba ta saki da sauƙi. Kusoshin kuma a yi musu walda, farantai sun zama abin sata. Bayan habub, wato guguwar ƙura, a wanke su da asuba kafin gilashi ya yi zafi. Na taɓa zuba musu ruwan rijiya da azahar, Allah ya kiyaye ba su tsage ba, amma gishirin ruwan ya bushe ya bar farin tabo da sai da na goge da tsumma.

Tamu mai bin layin ba mu yar ba. Wani mai injin ƙanƙara a cikin gari, wanda layinsa ya fi namu zama, ya saye ta da ragi, muka cika muka ɗauko ta famfo mai haɗa baki biyu, farantan da ƙarafunansu ba a taɓa su ba. Ranar da aka gwada, Baffa da kansa ya je ya sauke makunnin kamfani da tsakar rana, ya tsaya a bakin bututu da hannu a ƙugu yana jira. Ruwan ya ɗan rage kauri, ya ci gaba da zuba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in je in tambayo kuɗin bulo ɗari biyar, a fara ginin haud kafin Gash ya zo.